Kwampireson da muka yanka gida biyu

Shagona yana bayan kasuwar Wunti a Bauchi. Gyaran esi da firji da firiza muke yi, wani lokaci har da ɗakin sanyi na masu kifi. Duk shekara ina karɓar ɗalibai daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji da ta Abubakar Tatari Ali, su zo su yi watannin koyon aiki na SIWES da hukumar ITF ke kula da shi. Ga kuma yaran unguwa da iyayensu suka damƙa mini hannu da hannu. Sati ɗaya ba ya cika sai wani ya tambaye ni: "Oga, ban da abin da ake koya mana, me zan ƙara dubawa?"

Kafin in amsa, na san wayarsa cike take da bidiyon YouTube. Ba na hana su, ni ma ina kallo. Sai dai yawancin masu waɗannan bidiyoyi a Amurka suke, kuma aikinsu ba namu ba ne. Rabin darasinsu a kan na'urar ɗumama gida ne, mu kuwa nan ko sanyin hunturu ya tsananta, bargo da garwashi sun wadatar. Wutarsu volt 120 ce, tamu 230. Zafi da Farenhait suke auna shi, mu da Salsiyos. Wata rana na tura wani yaro gidan wani Alhaji a GRA, esi ya ƙi tashi. Ya fi awa guda bai dawo ba. Da na bi shi, na same shi ya kwance fuskar na'urar yana laluben wayar wuta mai volt 24 da ya gani a bidiyo, irin wadda ke haɗa ma'aunin zafi na bango da injin a gidajensu na can. Na ce, "Kai ɗan nan, wannan da rimot yake aiki, allon lantarki ne a ciki. Ka auna wutar gidan kuwa?" Bai auna ba. Wutar ta zo rabi, ko fanka da ƙyar take juyawa.

Tun daga ranar, abu na farko da nake sa su karantawa shi ne 'yar takardar nan da ke manne a jikin kowace na'ura. Mutane suna raina ta, alhali komai yana nan: irin gas ɗin, nauyinsa, wutar da injin ke ja. Firji na zamani mai gas ɗin R600a giram kaɗan yake ɗauka, da sikeli ake zuba shi, ba da taɓa bututu ana cewa "ya yi sanyi" ba. Kuma gas ne mai kama wuta, wanda ya kai masa harshen walda bai zubar da shi ba, Allah ya kiyaye. Littafin da ke zuwa cikin kwalin sabon esi ma haka. Masu gida jefar da shi suke yi, ni kuwa na tara su cikin wata tsohuwar jaka, har da jadawalin lambobin da ke fitowa idan na'ura ta samu matsala.

Sai jadawalin matsin gas da zafinsa. Da a takarda muke da shi, mun liƙa a bango har ya yi baƙi da maiko. Yanzu akwai manhajar Danfoss mai suna Ref Tools, kyauta ce. Da ita yaro zai gani da idonsa cewa a wajen digiri 4 na Salsiyos, tsohon gas ɗin esi R22 yana nuna kusan psi 68 a geji, wato ma'aunin matsin gas, sabon gas R410A kuwa kusan 118. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara cika sabon esi da lissafin tsoho ba. Daga nan nake gaya musu dalilin da R22 ke ta tsada: yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa duniya ke janye irin gas ɗin da ke lalata rufin ozon, shi ya sa sababbin na'urori ke zuwa da R410A ko R32.

Amma malamin da ya fi kowa a shagon nan wani mataccen kwampireso ne, wato injin da ke matsa gas yana zagaya shi cikin na'ura. Mun sa injin yanka ƙarfe muka raba shi gida biyu, muka wanke, yana nan kan benci. Ɗalibi zai zo yana zayyano maka zagayen gas tiryan-tiryan kamar karatun allo, amma bai taɓa ganin naɗin wayar da ta ƙone ba. Sai in miƙa masa in ce ya sunsuna. Warin nan ba ya barin hanci. In nuna masa inda danshi ya ɓata mai, don wani ya ƙi haɗa injin zuƙe iska kafin ya zuba gas, wai yana sauri. Masu cewa "a ɗan fesa gas ya kore iskar" sun kashe kwampireso ba iyaka a garin nan.

Kowane yaro kuma sai ya riƙe littafin rubutu: kwanan wata, abin da mai kaya ya ce, abin da geji da mita suka nuna, abin da aka samu. Masu niyyar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta NABTEB ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, da shi suke bita.

Yanzu Fabrairu ya ƙare, ƙurar hunturu ta toshe kwandensa, wato ɓangaren esi na waje da ke fitar da zafi, a kowane gida, zafin Maris kuma ya fara leƙowa. Yaron nan mai laluben wayar 24 shi na tura aikin farko da safiyar yau. Ya rataya mita a wuya tun kafin ya ɗauki sukundireba.