Shi ma ya karɓi Jibi bana

Shekara uku kenan ina koyar da yara katikizim, wato koyarwar addinin Katolika ta tambaya da amsa, a cocinmu, amma gaskiya ajin bana ne ya fi koya min abu. Akwai wani yaro ɗan shekara 11, ba ya magana sosai, in ka tambaye shi abu sai ya maimaita maka tambayar, kuma in Zumuntar Mata suka fara buga tulu da ganga sai ya toshe kunne ya fita da gudu. Sa'o'insa duk sun daɗe da karɓar Jibin Ubangiji, wato burodin da aka tsarkake ya zama Jikin Almasihu, shi kam kowace shekara a ce ya jira tunda bai haddace amsoshi ba. Wata Lahadi mamansa ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce "Malam, shi ɗana ba zai taɓa karɓa ba kenan?" Na ce Mama ki ba ni lokaci. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Da na je wurin Fada, limamin cocinmu, da maganar, shi ya buɗe min ido. Ashe tun 1910 Paparoma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓar Jibi na farko zuwa wajen shekara 7, kuma abin da ya nema wurin yaro shi ne ya iya bambanta Jikin Almasihu da burodin da ake ci a gida. Dokar Ikilisiya ta 1983 ma ta ɗora wa limamin coci nauyin ganin an koyar da masu naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa gwargwadon yadda za su iya ɗauka. Paparoma Benedict na 16 kuma a 2007 ya ce masu naƙasar ƙwaƙwalwa a ba su Jibi duk inda zai yiwu in dai an yi musu baftisma da tabbatarwa (shafa mai na ƙarfafa bangaskiya), don suna karɓa ne cikin bangaskiyar iyalinsu da jama'ar da ke tare da su. To mu daga ina muka samo cewa sai an rera amsa hamsin da ka?

Sai na canza salo gaba ɗaya. Na daina sa shi cikin yara arba'in masu ihu, muna zuwa coci ranar Alhamis da yamma lokacin ba kowa, ni da shi da yayarsa, minti goma ko sha biyar in ya gaji mu tashi. Benci ɗaya muke zama kullum don ba ya son a canza masa wuri. Na yanko hotuna na manna a kwali, bagadi, ƙoƙon Jibi, hannun Fada a sama, shi yana jera su yadda Mas, wato sujadar da ake ba da Jibi, ke tafiya. Alamar gicciye kuwa hannunsa na dinga riƙewa muna yi tare har wata biyu kafin ya yi da kansa.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ɗanɗano. Yaron akwai zaɓen abinci, abu in baƙo ne a bakinsa tofarwa yake, don haka Fada ya ba mu burodin Jibi wanda ba a tsarkake ba muka dinga gwadawa, ɗan ɓalli kaɗan tukuna, sau uku yana tofarwa kafin ya saba.

Ranar da Fada ya zo duba shi bai yi masa tambayar baki ba. Ya ajiye hoton burodin shayi da hoton Jibi a hannun limami, ya ce ina Yesu? Yaron ya ɗora yatsa a kan na biyun, sannan ya juya wajen akwatin Jibi inda jar fitila ke ci ya durƙusa, ba wanda ya ce masa ya yi.

Ran bikin mun roƙi mata su sassauta ganga har ya karɓa, kuma sun yi. Mamansa tana bayansa, hannunta a kafaɗarsa. Yanzu wata uwa ta kawo min 'yarta kurma, ni kuma ban iya maganar hannu ba, shi ya sa nake neman mai koya min kafin ajin baɗi ya fara.