Abin da Nazarin Littafi Mai Tsarki Ya Koya Mini Game da Hassadar Masu Arziki

A cikin shekarun da na yi ina nazarin Littafi Mai Tsarki tare da ’yan’uwa masu bi, na lura cewa babu batun da yake sa mutane yin tsit kamar hassadar masu arziki. Mutum zai iya miƙewa ya roƙa a yi masa addu’a a kan fushi ko rashin haƙuri, amma da wuya ka ji wanda zai furta cewa zuciyarsa ta yi ɗaci domin abokin karatunsa ya gina gida shi kuwa yana haya. Abin da aka fi ji shi ne, “Ni dai ban san inda yake samun kuɗin nan ba,” ko kuma, “Wa ya san abin da ya taka?” Da irin waɗannan kalmomi hassada takan sami wurin zama a bakin mai bi ba tare da an kira ta da sunanta ba.

Darasi na farko ya zo mini ne daga Dokoki Goma. Doka ta goma, a Fitowa 20:17, ta hana ƙyashin gidan maƙwabci, da matarsa, da bawansa, da sansa, da jakinsa, da duk abin da yake nasa. Kisa da sata da shaidar zur ana iya kai su gaban alƙali, wannan kuwa babu shaidar da za ta tabbatar da ita sai Allah da ke duban zuciya. Labarin Ahab a 1 Sarakuna 21 ya nuna inda abin yake kaiwa. Sarkin Isra’ila ne, yana da fada, amma da Nabot ya ƙi sayar masa da gonar inabin da ya gada daga kakanninsa, sai ya koma gida ransa a ɓace, ya kwanta a gado, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ta shirya shaidun ƙarya biyu, aka jejjefi Nabot da duwatsu har ya mutu. Mai sarauta ne ya yi ƙyashin talaka a nan, wanda ya isa ya nuna cewa yawan abin da ke hannu ba ya warkar da wannan cuta.

Malaman ikkilisiya na dā sun ɗauki lamarin da muhimmanci. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya yi wa’azi guda a kan hassada, inda ya kwatanta ta da tsatsar da ke cin ƙarfe, wato mai ita take fara cinyewa. Giregori Babba, a ƙarshen ƙarni na 6, ya sa ta cikin manyan zunubai da sauran ke fitowa daga cikinsu, Toma Akwinas kuma a ƙarni na 13 ya bayyana ta da cewa baƙin ciki ce saboda alherin da ya sami wani. Mukan ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma gaskiya ne, sai dai karin maganar tana ta’azantar da wanda ake yi wa. Nassi ya fi damuwa da mai yin, shi ya sa littafin Karin Magana 14:30 ya ce hassada tana ruɓar da ƙashi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne misalin ma’aikatan gonar inabi da Yesu ya bayar a Matiyu 20. Mai gona ya ɗauki wasu da sassafe a kan dinari ɗaya, wanda shi ne ladan yini a lokacin, ya ci gaba da ɗaukar wasu har saura awa ɗaya a tashi. Da yamma ya sa a fara biyan na ƙarshe, kowa dinari ɗaya, na farko suna tsaye suna kallo, suna lissafi a zuci cewa nasu zai fi. Da aka ba su dinari ɗaya su ma, sai gunaguni ya tashi. Ba a rage musu ko anini daga abin da aka yi alkawari ba, kuma da ba su ga abin da aka ba wasu ba, da sun tafi gida da murna. Mai gonar ya tambaye su ko ba shi da iko ya yi yadda ya so da abinsa, ko kuwa suna jin haushi ne don shi mai alheri ne. A nan na gane cewa hassada ƙara ce da zuciya take kai Allah, domin wanda ke jin zafin arzikin ɗan’uwansa yana cewa Mai rabawa bai iya rabo ba, ko da bakinsa ba zai taɓa furta hakan ba.

Asaf, mawaƙin Zabura 73, ya furta nasa a fili. Ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame, domin ya yi ƙyashin masu girman kai da ya ga mugaye suna cikin wadata, jikinsu lafiya lau, ba sa shan wahalar da sauran mutane ke sha, har ya fara tunanin cewa a banza ya tsare zuciyarsa da tsarki. Abin bai warware masa ba sai da ya shiga Haikalin Allah ya fahimci ƙarshensu, kuma ya rufe da cewa Allah ne rabonsa har abada. Dukiyarsa ba ta ƙaru ba tsakanin farkon zaburar da ƙarshenta.

Wadar zuci kuwa koyonta ake yi. Manzo Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta wa masu bi na birnin Filibi cewa ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, a ƙoshi ko a yunwa, a yalwa ko a rashi, kuma ayar nan da ake yawan ambata, cewa yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi, a wannan mahallin take. Agur ma, a Karin Magana 30, ya roƙi kada a ba shi talauci ko dukiya, don kada ya ƙoshi ya yi musun Ubangiji, ko ya talauce ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Addu’a ce da ban cika jin ana yinta ba.

Akwai kuskuren da ya kamata a guje masa, wato a mai da wadar zuci hujjar lalaci ko ta rufe bakin wanda aka zalunta. Bulus ɗin nan ne ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, littafin Yakubu 5:4 kuma ya ce hakkin ma’aikata da aka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji. Ma’aikacin da ya nemi albashinsa ba mahassadi ba ne. Ma’aunin da na samu mai sauƙi ne: in abin da nake so shi ne a biya wanda aka cuta, adalci nake nema, in kuwa faɗuwar mai kuɗin ce za ta sanyaya mini rai, to hassada ce.

Nassi bai la’anci dukiya ba. Ibrahim da Ayuba da Yusufu na Arimatiya masu arziki ne, kuma son kuɗi ne 1 Timoti 6:10 ya kira tushen kowace irin mugunta, sa’an nan a wannan babin aka umarci masu dukiya kada su yi girman kai, su zama masu bayarwa. Abin da ke damuna shi ne yadda mu kanmu muke shuka hassada a cikin taron masu bi. Yakubu 2 ya tsawata wa ikkilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta ce wa talaka ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Duk inda shaidar da ake tafa wa ita ce ta sabuwar mota da ƙarin girma, gwauruwar da ta yi shekaru tana riƙe da bangaskiyarta cikin rashi za ta fita tana tambayar kanta laifin da ta yi, kuma masu koyarwa ne za su amsa wannan tambaya a gaban Allah.