"Ɗari biyar kowane gida" ce ta ƙona mana sumo

Duk wanda aka ɗora wa kwamitin ruwa na garinsu, dan Allah kafin ayi maganar wa zai zama shugaba wa zai zama ma'aji, a fara tsayawa a kan yadda za'a karɓi kuɗin ruwan, domin mu a nan aka kayar damu kuma har yau in na tuna raina sai ya sosu. Ni ne sakataren kwamitinmu, ƙauyenmu yana ta ɓangaren Taura a jihar Jigawa ba nisa da Gujungu, malamin firamare ne ni shi yasa aka ce in riƙe littafi. Bohol ne mai sola, da sumo wato injin da ke can cikin rijiyar yana turo ruwa, tanki mai lita 10,000 a sama, da kawunan famfo a jere a ƙasa. Yadda aka haƙa shi da bikin miƙa shi ba sai na ja ba, kowa ya san yadda ake yi, jami'an RUWASSA, hukumar ruwa da tsafta ta karkara, sun zo sun zauna damu sun kafa kwamitin ruwa da tsafta da suke kira WASHCOM, kuma gaskiya sun faɗa mana ƙarara cewa daga yau gyara naku ne, ku tsara yadda zaku tara kuɗi. Sun faɗa. Mu ne muka je muka yi namu tsarin.

A taron ƙofar gidan mai unguwa ni da ma'aji muka kawo shawarar a biya da jarka, wanda ya ɗibi ɗaya ya biya kuɗin ɗaya, wanda ya ɗibi ashirin ya biya na ashirin. Ban ma rufe baki ba wani Alhaji daga cikin masu faɗa a ji ya miƙe yace haba Malam, yanzu ruwan da gwamnati ta bamu kyauta shi zaku tsaya kuna ƙirga wa mutane kamar 'yan garuwa? Ai abin kunya ne, a sa naira 500 kowane gida duk wata shikenan, kowa daidai babu babba babu ƙarami. Wallahi sai da wajen ya ɗauki kabbara. Nace ranka ya daɗe, gidan da ke da mutum uku da gidan da ke da mutum talatin da shanun turke ai ba ɗaya bane. Mai unguwa ya dube ni yace ɗana, bar shi haka, kar mu fara da rigima. Na rubuta a littafi kamar yadda aka yanke, amma a gefe na rubuta cewa sakatare da ma'aji basu yarda ba, kuma wannan layin yana nan har gobe.

To lissafin ai ba ɓoyayye bane. Jarka lita 25 take ci, kenan tankinmu in ya cika maƙil jarka 400 ne kacal. Kura ɗaya ta ɗan garuwa tana ɗaukar jarka goma ko sama da haka. Sa guda da ake turkewa domin kasuwa, a bazara zai iya shanye jarka ɗaya zuwa biyu a yini. Sannan ga masu buga bulo, su kam basu da awo, a kwaɓa da ruwa kuma a yi ta bai wa bulon ruwa safe da yamma. Duk waɗannan ɗari biyar suke bayarwa, daidai da tsohuwar da mijinta ya rasu wadda jikarta ke ɗebo mata bokiti biyu. Shi Alhajin da ya kawo shawarar "kowa daidai", wata bai zagayo ba sai ga injin bulo a filinsa. Ban ce da niyya yayi ba, Allah ne ya san zuciya, amma na ga abin da na gani.

Kuma ita ɗari biyar ɗin ma ba samuwa take ba. Da damina mutane su ce ai ruwan sama muke tara mu bamu ɗiba ba. Da kaka kowa na da kuɗi amma sai ace bari in sayar da riɗi tukuna. Ka je gida karɓa mai gida baya nan, kai kuma ba shiga zaka yi ba. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 kuwa sai aka samu uzuri na dindindin. Abin da ke shigowa yana isar mai gadi da yaron da ke buɗe famfo, da canjin kan famfo in yara sun karya, sai ya zama duk ƙarshen wata littafi yana nuna an fita ba bashi, mutane suna cewa Malam ka gani ai tsarin yana tafiya. Yana tafiya ina? Babu wanda yake lissafin cewa sumon da ke can ƙasa kullum ƙara tsufa yake, kuma ran da zai tsaya ba zai yi sallama ba. Wannan shi ne abin da na kasa sa mutane su gani, kuɗin ruwa ba na yau kaɗai bane, a cikin kowace jarka akwai ɗan guntun kuɗin sabon sumo, in baka cire shi ba yau to bashi ne kake ci.

Da ɗiba ta yi yawa tanki ya koma ƙarewa kafin azahar. Maimakon a waiwayi masu kura da masu bulo sai aka ce a samo janareta a riƙa tayarwa da daddare tunda namu sumon yana karɓar duka biyun. Aka samo. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, ɗan abin da ya rage a hannun ma'aji duk janareta ya lashe shi. Sumo kuma ba hutu, rana sola dare janareta.

Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a saman sumo wadda in ruwa ya ja baya a cikin rijiyar take kashe shi da kanta domin kar ya yi ta juyi a bushe. A bazara ruwan ƙasa yana sauka, sai ta riƙa kashe shi tana jira ruwa ya taru. Mutane suka fara ƙorafi wai inji na wasa. Wata rana ina makaranta aka kira wani mai gyaran wuta, ba makaniken famfon da aka horar ba, ya haɗe wayoyin kai tsaye ya tsallake ta, aka bashi na goro, kowa na murna ruwa ya daina yankewa. A cikin azumin 2024, wanda kowa ya san irin zafin da aka sha a watan Maris zuwa Afrilu, sumo ya ƙone.

Ina tsaye aka jawo shi. Matasa sun jeru suna jan bututu da igiya a hankali, da ya fito makanike ya kwance shi a kan buhu ya miƙo min yace Malam shinshina. Warin ƙonannen roba ne, cikin yayi baƙi ƙirin, robobin da ke juya ruwan sun narke sun manne da juna. Yace wannan ba gyara, sai sabo. Na juya na kalli ma'aji, shi kuma ya sunkuyar da kai, domin mu biyun mun san abin da ke cikin asusu ko kuɗin motar zuwa Kano da dawowa da ƙyar zai isa.

Muka je Sabon Gari muka yi tambaya, nan ne jikina yayi sanyi. Kayan nan duk daga waje suke zuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, sumon da muka san kuɗinsa lokacin da aka miƙa mana bohol ya ninka fiye da biyu. Mai shagon ma da ya ji labarinmu sai yace Malam ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, me ya hana ku tara tun yana aiki? Ban iya bashi amsa ba, me zan ce, in ce masa an yi kabbara?

Makonnin da suka biyo baya bana son tunawa. Tuƙa-tuƙa ɗaya ce ta rage a bakin gari, mata da yara tun bayan sahur suke bin layi da azumi a baki, wasu suka koma tsohuwar rijiyar da aka daina sha. 'Yan garuwa suka koma ɗebowa daga maƙwabta suna sayar da jarka a kuɗin da ko a mafarki bamu taɓa cewa a biya ba, kuma mutane suna saye dole, mutanen da suka ce naira 20 a jarka zalunci ne. Yara suka fara gudawa, mu da muka ga abin da amai da gudawa yayi a Jigawa a 2021 hankalinmu ya tashi ba kaɗan ba. Da aka zo karo-karo kuma aka sake cewa kowane gida daidai! Nan kam na miƙe nace wallahi ranka ya daɗe in haka za'a yi ga littafinku, ba zan je in karɓi kuɗi ɗaya a hannun gwauruwa da mai injin bulo ba. Liman ne ya raba gardamar. Dama masu adawa da biya da jarka hujjarsu ita ce hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Liman yace gaskiya ne, amma ba ruwan ake sayar muku ba, wahalar fito da shi daga ƙasa ake biya, kuma wanda ya fi ɗiba shi ya fi cinye injin jama'a. Allah ya saka masa da alheri, maganar da na shekara ina yi ba'a ji ba shi ya gama ta a zama ɗaya. 'Yan garinmu da ke Kano da Legas suka turo nasu, masu bulo da masu turke aka yanka musu kaso mai tsoka, aka sayo sumo.

Yanzu da jarka ake biya. Mun sa mita a bakin bututun da ke saukowa daga tanki, kuma wannan mitar ita ce abin da na fi alfahari da shi, domin ta kashe zargi. Duk yamma yaron famfo ya karanta lamba in rubuta, a raba da 25 a ga jarka nawa ta fita, a cire na masallaci da makarantar allo da gajiyayyun da kwamiti ya ba kati, sauran dole kuɗinsa ya fito. In an samu giɓi babba to ko dai bututu na yoyo ko wani ya ɗiba bai biya ba, ba sai an rantsar da kowa ba. Masu kura da masu bulo farashinsu daban ne kuma sai bayan mata sun gama ɗiban safe. Kuɗin kuma kashi uku muke yi tun a ranar, na ma'aikata, na ƙananan gyara, sai na sumo wanda ba mai taɓa shi ko da mai unguwa ne ya aiko, sai da hannun mutum uku. Duk Lahadi in an shiga Gujungu ake tura shi banki, baya kwana a aljihun kowa fiye da mako, ba don ma'aji ba shi da amana ba, sai don in kuɗi na gidanka to za'a zo maka da haihuwa da rashin lafiya kuma ba zaka iya cewa babu ba. Bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata a karanta wa jama'a abin da ya shigo da wanda ya fita.

Wani abu kuma da dala ta koya mana, kar ku ajiye naira tana narkewa. Da zarar kason sumo ya kai, ku sayi kayan ku ajiye. Mu kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga sumo, muka fara saye yana nan a kwalinsa a ɗakin ma'aji, yanzu sumo na biyu muke tara wa. Akwatin wayoyin kuma kwaɗo biyu ne a jiki, makanikenmu kaɗai ke buɗewa.

Kar kuma a manta da ruwan da ke zubewa. Mu da farko ba wanda ya sa shi a lissafi, gindin famfo ya zama kwatami, taɓo da sauro da agwagi, a jihar da a 2022 aka ayyana ta a matsayin ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Daga kason gyara muka yi ɗan lambatu na siminti da rami mai duwatsu da ruwan ke shiga, muka yi wa dabbobi kwami nesa da inda mata ke ɗiba, shi ma mai shanu yana biya.

Har yanzu akwai masu gunaguni, kuma na san in muka zo ƙara farashi bayan girbi za'a sake kai ruwa rana, domin kuɗin kaya bai tsaya ba. Shi Alhajin kuwa yana biya, amma bai daina ce min mai sayar da ruwa ba in mun haɗu a masallaci. Wannan karon dai zan je taron da littafin mita da takardar farashin da mai shago ya rubuto mana daga Kano, in wani yace a koma ɗari biyar kowane gida sai ya fara faɗa mana inda kuɗin sumo na gaba zai fito.