Gyambon kwanciya: aikin da muke yi a gidajen masu doguwar jinya

Sana'armu jinyar marasa lafiya a gida, kuma yawancin kiran da ake mana iri ɗaya ne: maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko uwargida ta karye a kwatangwalo, an sallamo su daga asibiti, bayan 'yan makonni an ga ciwo ya buɗe a ƙugu. Abin da iyali ke fara tambaya shi ne wane magani za a shafa. Mu kuwa abin da muke fara tambaya, awa nawa yake yi a kwance ta gefe ɗaya?

Nauyin jiki ne ke matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Shi ya sa ramin da ake gani ƙarami a waje yakan zama kogo a ƙarƙashi. Wuraren da muke dubawa kullum safe da yamma su ne ƙashin ƙugu sama da ɗuwawu, gefen kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, don haka kada a jira shi. A nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, a taɓa da bayan hannu a ji ko ya fi zafi ko tauri. Wannan dubawa sai miji ko mata, domin kunya kan hana 'ya'ya buɗe waɗannan wurare, mara lafiyar ma yakan ɓoye.

Juyi shi ne rabin aikin. Duk awa 2 a sauya masa kwanciya, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Lokutan salla suna taimakawa wajen tunawa, amma ba su isa ba, tsakanin lisha da asuba ne gyambo ya fi samun dama. Muna manna takarda a bango, duk wanda ya juya shi ya rubuta lokaci da gefen. Kwanciyar gefe ba a kan ƙashin kwatangwalo tsaye ake yinta ba. A karkata shi kaɗan, kamar digiri 30, a tokare baya da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi. In yana rigingine, a shimfiɗa filo a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya, hannu ya iya wucewa ta ƙarƙashinta. Kada a ɗaga kan gado sosai sai lokacin cin abinci, domin jiki na zamewa ƙasa fatar ƙugu na maƙale da zanin gado, jijiyoyin jini na ciki su yage. Haka nan ba a jan mutum a kan katifa. A ninka zani mai ƙarfi daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama su ɗaga. Wanda ke zaman keken guragu kuma kada ya wuce awa 1 ba a sauya masa zama ba.

Katifar iska mai injin da ke hura layi-layi tana da amfani, muna ba da hayarta. Sai dai a ɗora ta a kan katifar soso, saboda in an ɗauke wuta ta sace, kada ya koma kan katako. Kuma ba ta ɗauke wa kowa aikin juyi. Zoben roba mai rami a tsakiya da ake sayarwa a kemis, a bar shi, gefensa ne ke datse jini.

Laima tana jiƙa fata ta yi laushi har ta saɓule. A canza famfas da zarar ya ɓaci, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tawul ba gogewa, a shafa man zink ko basilin sama-sama. Leda ta zauna a ƙarƙashin zanin gado, kada ta taɓa jiki, musamman a zafin bazara. Wurin da ya sauya launi kuwa ba a murza shi, ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa masa man zafi.

In fata ta riga ta buɗe, dokar farko kada a sake kwanciya a kan wurin ko na minti biyar. A wanke hannu, a sa safar hannu, a wanke ciwon da ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi. In babu, a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, a bari ya huce, a haɗa sabo kullum. A rufe da bandeji mai ɗan danshi, fatar kewaye kuma ta kasance a bushe. Sifirit da haidurojin, ruwan wanke ciwo mai kumfa, suna kashe sabon nama, toka da garin kafso kuma ƙara ɓata shi suke yi. Baƙin ɓawo busasshe a dunduniya ba a ɓamɓare shi a gida.

Ciwo ba ya cikowa da koko zalla. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 75 zuwa 90 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da wake, kifi, awara, nono da ƙuli-ƙuli, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ciwon ƙoda. Mai ciwon suga a riƙa auna masa.

Akwai inda aikinmu ya tsaya. Zazzaɓi, mugunya mai wari, kumburi da ke yaɗuwa, ruɗewa, ko ramin da ake hango ƙashi, ranar za a kai shi asibiti, domin cire mataccen nama aikin likita ne.

Sannan ba ma barin gida sai mun raba dare. Mace ɗaya ko miji ɗaya ba zai iya tashi duk awa 2 wata da watanni ba, sati biyu ya isa barci ya kayar da shi. Muna zaunar da 'ya'ya da 'yan'uwa, a rubuta wanda zai karɓi juyin ƙarfe 12, da na 2, da na 4, mu kuma koya wa kowannensu kama zani da hannunsa kafin mu tafi.