Kwana goma a Gidan Ɗan Hausa

Cikin hunturun bara muka baje kolin ayyukanmu a Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, mu uku: ni da hotunan da na ɗauka a karofin Ƙofar Mata, wata 'yar'uwa mai zanen fenti, da wani matashi mai zayyanar allo. Kwana goma aka ba mu.

Ranar shiri na zo da guduma da ƙusoshi a jaka. Wani dattijo da ke kula da ɗakin ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗana, bangon nan ƙasa ne. Ka buga ƙusa yaɓen ya zubo, wa zai mayar da shi yadda yake?" Jikina ya yi sanyi. A gidan nan Hanns Vischer, Baturen da aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, kuma a nan Nassarawa ya buɗe makarantar boko a 1909. Ga shi na zo zan huda gidan saboda hotuna goma sha biyu. Na mayar da gudumar, muka nemi kafinta ya haɗa mana ƙafafun katako, muka jera su nesa da bango.

Tagogin ƙanana ne, bangon kuma mai kauri, don haka ɗakin da sanyi amma haske kaɗan. Sai da muka yini muna juya allunan kafin muka gane wane lungu rana ke leƙawa da hantsi. Ƙura kuwa kullum da safe sai an bi gilasan da tsumma.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hotuna. Da Turanci na fara yin sa, mutane suna wucewa ba sa ko kallo. Rana ta uku muka sake shi da Hausa, boko da ajami, mai zayyana ya rubuta da alƙalaminsa. Nan da nan aka fara tsayawa ana karantawa.

Bayan la'asar wani tsohon marini ya shigo, shuni har yanzu a faratansa. Ya daɗe gaban hoto ɗaya, sannan ya ce, "Yaro, wannan ba rini ba ne, bugu ne. Baba da toka da kanwa sun gama aikinsu, yanzu ana bugun zanen ne ya yi ƙyalli." Na ce, "Baba, a gafarce ni." Na cire takardar nan take, ya faɗa ina rubutawa. Washegari ya dawo da jikokinsa biyu, ya kai su gaban hoton da kansa.