Zafin madabod da abin da ya raba ni da shagon oga

Tunda na ajiye aiki yaran shago ke ta tambayata me ya haɗa ni da oga, to ba komai ba ne illa madabod guda ɗaya, wato babban allon da ake dasa duk kayan kwamfuta a kai (bod a taƙaice), kuma har gobe ban ga laifina a ciki ba.

Wani mai tace finafinai ne ya kawo kuɗi masu kauri a haɗa masa kwamfuta da Core i9-13900K. Duk wanda ya taɓa wannan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya san halinta, Intel da kansu sun rubuta wat 253 take ja in aiki ya yi nauyi, kuma a lokacin bod da yawa daga kamfani suke zuwa an cire mata takunkumi, ka shiga BIOS, wurin saitin bod, ka tarar iyakar wuta tana wat 4096, wato ta sha iya shanta. Fawa kuma, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, bolt 12 take kawowa, ita furosesa bolt ɗaya da 'yan kai take so, masu sauke wutar su ne ƙananan abubuwan nan da ke jere gefen soket (mazaunin furosesa), ana ce musu VRM, kuma nan ne zafi ke taruwa ba tare da kowa ya kula ba saboda idon kowa na kan furosesa.

Oga ya zaɓo bod mai fitilu kala-kala, ƙarfen da ke kan VRM ɗin dunƙule ne sumul babu haƙarƙari ko ɗaya, an kuma kifa masa roba don ado. Ya haɗa da kes, wato akwatin kwamfutar, mai gilashi ta gaba wanda iska ba ta da ƙofar shiga, sannan kula ta ruwa, wato na'urar sanyaya furosesa mai aiki da ruwa. Na ce masa oga, ita kula ta ruwa zafin furosesa kawai take kwashewa ta kai radiyeta, ba ta hura wa gefen soket iska kamar mai fanka, a canza kes ko a ƙara fanka a sama. Na ma tuna masa abin da ya faru a 2017 da bod ɗin X299, lokacin da der8auer, Bajamushen nan mai gwaje-gwaje, ya nuna manyan bod masu tsada suna gasa VRM ɗinsu saboda an mayar da ƙarfen sanyaya kayan kwalliya. Amsar da na samu ita ce, kai ne mai shagon ko ni?

Masu gwajin nan da muke kallo a YouTube a ɗaki mai digiri 20 da ɗoriya suke yi. Shi kuwa kwastoman namu a Kano yake, watan Afrilu, zafi na taɓa 40, janaretansa ba ya ɗaukar AC. Da ya sa rendarin, wato fitar da fim ɗin da ya tace, sai injin ya fara da gudu, can sai ya koma tafiyar hawainiya, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Ya dawo da shi ransa a ɓace, oga kuwa a gabansa, a gaban yara, ya ce ni ne ban iya shafa man furosesa ba. Wallahi wannan maganar ta fi yankan albashin da ya biyo baya yi min ciwo. Na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan injin, na nuna masa, ga VRM ya haura digiri 100, ga gudun furosesa na faɗuwa daidai lokacin, ko kallon sikirin bai yi ba.

Gyaran fa? Kes mai raga ta gaba, fanka a sama tana jan zafi waje, iyakar wuta a 253 kamar yadda Intel ta rubuta. Abin da na faɗa tun farko ke nan. Injin ya zauna daram, bod ɗin ma ba a canza ba. Da kwastoma ya zo ɗauka ina ji oga na ce masa shi ya zauna da kansa ya gano matsalar.

Ku da kuka rage a shago, in bod ya zo hannunku kar yawan fes, wato rassan VRM, da aka buga a kwali ya ruɗe ku, ku ɗaga shi ku duba ƙarfen, yana da haƙarƙari? Akwai bututun jan zafi da ya haɗa ɓangarorin biyu? Fad ɗin jan zafi da ke ƙarƙashin ƙarfen ya taɓa da kyau? A bod masu tsada ma ana samun sakaci a nan. Ledar da ke manne a murfin M.2, mazaunin ma'ajiyar bayanai, a ɓare ta kafin a ɗaure. Bod ɗin X570 masu 'yar fanka a kan cifset, wato cif ɗin da ke haɗa sassan bod, hunturu ɗaya ya isa ƙura ta shaƙe ta, a riƙa bi da bulowa. Duk injin Intel na zubi na 13 da 14 a sabunta masa BIOS, tun 2024 suka fitar da gyaran matsalar bolt.

Sannan duk shawarar da za ku ba oga ku tura masa ta WhatsApp ban da ta baki, ku ajiye. Ni da baki na faɗa, shi ya sa ranar da aka zo yankan albashi ba ni da abin nunawa, kuma waɗanda suka ji da kunnensu duk suka sunkuyar da kai suna ta ɗaure sukuru.