Godiya ga waɗanda suka ɗauki wannan jinkar tare da ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun ranar Talata wayata ba ta huta ba. Wasu sun kira ban samu ɗauka ba, wasu sun turo saƙo har yanzu ban buɗe ba, wasu sun tako har gida suka tarar ina wurin aiki. Ku yi mini afuwa. Abin da kuka ji gaskiya ne: Jami'ar Bayero ta Kano ta ba ni gurbin karatun likita. Na shiga shafin JAMB na danna amincewa, na buga takardar, tana cikin akwatina. Shekarata 38, 'ya'yana huɗu, shekara 13 ke nan ina aiki a ƙaramin asibitin karkara a Jigawa. Alhamdulillahi Rabbil alamina. Sunana kaɗai ke jikin takardar, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Masu tambayar me ya tayar da ni a wannan shekarun, ga amsar. A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwanmu, aka kawo mini wata yarinya mai cikin fari cikin dare, tana jijjiga, jininta ya hau. Na yi mata allurar farko kamar yadda littafin ƙa'idar aikinmu ya ce, na rubuta takardar tura ta babban asibiti, domin abin da take buƙata ya wuce inda iliminmu da izininmu suka tsaya. Ruwa ya yanke hanya. Sai da aka sa ta a kwalekwale kafin a kai ga mota. Ba ta isa ba. Ban ce da ni likita ce da ta rayu ba, rai na Allah ne, kuma ɗakin tiyata ma babu a wurinmu. Amma na gaji da zama wadda iyakarta rubuta takarda ta bi mace da addu'a. Allah Ya jiƙan yarinyar nan, Ya sa ta huta.

Da asuba na dawo gida ido a kumbure. Abban yara ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To me ya hana ki koma makaranta?" Na ce masa shekaru. Ya ce, "Shekara shida za su wuce ko kin yi ko ba ki yi ba." Malam, wannan maganar ita ce tushen komai. Ka sayar da tumakinka biyu ba ka gaya mini ba, sai a bakin yara na ji. Ka sha magana a majalisa, na sani, ko da ba ka taɓa kawo mini ita gida ba. Allah Ya saka maka da Aljanna.

Na gama sakandare a 2005, kuma D7 na samu a fiziks. Karatun likita yana son kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, jami'o'i da yawa kuma sun fi son a kawo su a zama ɗaya. Don haka ba fiziks kaɗai na sake ba, duka na sake, a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen 2022. Shekara 17 rabona da riƙe littafin lissafi.

A nan ne maƙwabcinmu, tsohon malamin fiziks da ya yi ritaya, ya shigo rayuwata. Kullum bayan Magariba sai ya sa a shimfiɗa tabarma a zaure, ni da 'yata, shi da allonsa da alli. Baba Malam bai taɓa fara darasi da Turanci ba. Da guga da igiyar rijiya ya koya mini ƙarfi da nauyi. Da kwalbar ruwa da cokali ya nuna mini yadda haske yake karyewa. Sai na gane abin da Hausa tukuna, sannan ya ce, "To yanzu rubuta shi yadda masu jarrabawa suke so." Da na kai masa ɗan abin sayen sabulu a ƙarshen wata, ya mayar mini, ransa a ɓace, ya ce in na sake kada in ƙara zuwa. Akwai daren da na kife littafi na ce kaina ya tsufa. Bai lallashe ni ba. Ya ce in lissafa masa yawan ruwan da za a ƙara wa yaro mai kilo 12 da gudawa ta ƙarar da shi. Na faɗa masa ba tare da na ɗauki biro ba. Ya ce, "Wannan kan ne kike ce wa ya tsufa? Buɗe littafi." Na samu B3 a fiziks. Baba Malam, duk mara lafiyar da Allah Ya nufa zan duba, kana da lada a ciki.

Sai abokiyar zamana. Na daɗe ina tunanin yadda zan rubuta wannan sashe, domin mutane suna da irin labarin da suke son ji game da kishiyoyi, mu kuma ba shi ne namu ba. Yaya, ke ce kika same ni a ɗaki kika ce in bar miki girkina har in gama jarrabawa. Muka ɗauka wata uku ne, ya zama kusan shekara biyu. Autana da ya yi ƙyanda, a bayanki ya kwana uku, ni ina tsakanin aikin dare da karatu. Ke kike yi wa 'yan matana kitso, ke kike zuwa makarantarsu in an kira iyaye. Azumin 2024 gaba ɗaya ban tuƙa tuwon sahur ko sau ɗaya ba, sai dai in ji kin turo ƙofa kin ajiye kwano kin fita a hankali don kada ki katse ni. Ban taɓa jin kin yi mini gori ba, ko a fuska. Yanzu kuma kin ce yaran za su zauna a hannunki in tafi Kano da kwanciyar hankali. Ba ni da abin da zan biya ki. Allah Ya raya miki naki, Ya sa su yi miki fiye da abin da kika yi mini.

Rajistar JAMB ta farko ta zo a farkon 2023, daidai lokacin ƙarancin takardun naira. Ga kuɗi a asusu, ga shi ba ka iya fitar da na mota. Sannan aka gano sunan mahaifina a lambar NIN ya bambanta da na takardun makarantata da harafi biyu, kuma ba a rajista sai da NIN. Na yi zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, da takardar rantsuwa da hotuna, har na fara fidda rai. Ina godiya ga wani ma'aikaci da ban ma san sunansa ba, wanda ya ga na yi sallar Azahar da La'asar a kan layi, ya zo ya duba takarduna ya nuna mini abin da ya rage, bai karɓi ko sisi ba. Ina godiya ga yaron shagon kwamfuta na bakin tasha. Tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi, ni kuwa ban taɓa zama gaban kwamfuta na minti goma ba. Ya riƙa ba ni awa guda duk Asabar, yana cewa, "Anti, N gaba, P baya, kada ki taɓa S sai kin gama."

A wannan karon 234 na samu cikin 400. Maki ne mai kyau ga kwasa-kwasai da yawa, amma bai kai ga likitanci ba, domin Hukumar Likitoci ta Najeriya tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuma sun ninninka gurbin. Na yi kuka sosai. Na tattara littattafai na sa a buhu.

Wadda ta sa na kwance buhun ita ce surukata. Hajiya ce ta fi kowa ƙin wannan karatu da farko, kuma ban ga laifinta ba, jikokinta take dubawa. Ta aiko aka kira ni, na durƙusa, ta ce, "'Yar nan, na hana ki kin ƙi hanuwa, na zuba ido na ga ba wasa kike ba. Yanzu da na saki jiki har na fara gaya wa ƙawayena, shi ne za ki ajiye? Manomi ba ya barin gona don damina ɗaya ta ƙi." Ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin rajista ta biyu. Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya nuna miki ranar da zan gama.

A 2024 ni da babbar 'yata muka yi rajista tare. Ita ce ta rubuta mini jadawalin sinadarai a kwali ta manna a bangon madafa, ita take yi mini tambayoyi in muna wanki. Ƙaramar Sallah ta faɗo kwanaki kaɗan kafin jarrabawa, duk 'yan matan unguwa suka sha lalle, mu biyu muka haƙura saboda kada na'ura ta ƙi karɓar zanen yatsunmu. Ranar jarrabawa, mai gadin ƙofa ya ce iyaye su tsaya waje. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce masa, "Umma ma rubutawa za ta yi." Na samu 291. Ita tana jiran nata gurbin, ina roƙonku ku sa ta a addu'a.

Abokan aikina sun yi ta musayar aikin dare da ni, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin mota ya sa kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Shugabarmu ta tsaya mini a kan takardar hutun ƙaro karatu. Wata matashiyar likita da ta yi hidimar ƙasa a yankinmu ta ba ni tsofaffin tambayoyinta, ta kuma ƙi ɓoye mini komai: shekarar farko ta kimiyya zalla, sannan ilimin sassan jiki da ɗakin gawa, jarrabawar da ke mayar da mutane baya, shekarun asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da shekara guda ta horo bayan an gama. Ta ce za a yi ranakun da zan yi da-na-sani. Na gode da wannan gaskiyar, Likita. Zan zauna aji ɗaya da sa'o'in 'yata, zan gama ina da shekara 44 in Allah Ya kai mu, kuma na shirya.

Matan adashinmu, ku goma sha ɗaya, kun haɗa baki kun matso mini da kwasata daga ƙarshe zuwa wannan wata don in biya kuɗin makaranta. Na san wadda ta ɗage sayen keken ɗinki saboda haka. Allah Ya buɗa muku.

Matan ƙauyen da nake aiki sun zo jiya, wata dattijuwa ta ce, "Yanzu wa zai karɓi haihuwarmu?" Na nuna musu wadda za ta maye gurbina, na san hannunta, ku amince da ita kamar yadda kuka amince da ni. Ku yafe mini duk inda na gaza muku. Niyyata in dawo gida in yi aiki, Allah Ya cika mini ita.

Mahaifina, wanda yake ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni firamare lokacin da ake yi masa dariya a kan sa 'ya mace boko, bai ga wannan rana ba. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu yi saukar Alƙur'ani a gida, mu yi masa addu'a tare da yarinyar nan da ta rasu a hanya. Duk wanda ya samu dama ya zo. Wanda yake nesa ya sa su a addu'a daga inda yake.

Na gode, na gode. Allah Ya bar zumunci.